Dangar gidanmu da take tafiya da ƙafarta

Duk wanda ya tashi a unguwannin Hausawa na Gadarif, a gabashin Sudan, ya san danga ba ta zama wuri ɗaya. Larabawa sarif suke ce mata, mu dai danga muka gada. Kowace shekara in an gama girbin dawa sai a kawo kara a karon jaki, wato amalanke, a kwance tsohon, a tarar gara ta cinye gindin dirkoki, to wa zai tsaya tonon ruɓaɓɓen itace a baƙar ƙasar nan tamu da in rani ya yi take tsagewa ta yi tauri kamar dutse? Sai dai ka haƙa sabon rami a gefen tsohon kawai. Bana yatsa huɗu, baɗi yatsa huɗu, haka aka yi ta yi tsakaninmu da maƙwabcinmu shekara kusan talatin ba wanda ya taɓa ɗaga kai.

Mutumin nan abokin mahaifina ne, Baffa nake ce masa tun ina yawo ba wando. Da garin Madani ya faɗi a yaƙin Sudan a Disamban 2023 ƴarsa da ƴaƴanta biyar da surukarta suka sauka a gidansa, dama a lokacin ba gidan da bai cika ba a garin, har makarantu mutane ke kwana. Dole ya ƙara ɗaki, wannan ban ga laifinsa ba. Sai ya ce tunda za a yi gini bari ya ɗaga katangar jan bulo gaba ɗaya a huta da sayen kara. Na dawo daga kasuwa wata ranar Talata na tarar magini ya ja igiya ya zuba toka a ƙasa, kuma layin tokar nan ya bi ta bayan lemun tsamin da Inna ta dasa da hannunta kafin ta rasu. Wato bishiyar ta koma gidansu kenan.

Wallahi ban san lokacin da na sa ƙafa na shafe tokar ba. Na ce Baffa wannan ai cin iyaka ne. Kalmar da ta ɓata komai kenan, cin iyaka, a gaban magini da yaransa. Tsohon ya kalle ni ya ce "ɗana, ni zan ci maka ƙasa? Ni na riƙe wa ubanka igiya ranar da aka kafa dangar nan." Ya juya ya shige gida.

Washegari aka toshe nafaj. Ga wanda bai san Sudan ba, nafaj ƴar ƙofa ce da ake bari tsakanin gida da gida, ta nan mata ke wucewa ba sai sun yafa tobi sun fita titi ba, ta nan ake miƙo garwashi da gishiri da kwanon miya, ta nan ake kiran juna in an dafa jabana, wato kofi. Da tsohon kwano aka toshe ta aka tokare da dutse, kuma har yau ba wanda ya amsa shi ya yi, matata ta ce su ne, su sun ce mu ne. Abin da ya fi damuna kenan a rigimar duka. Ni da Baffa za mu iya kauce wa juna a hanyar masallaci, amma matan nan shekara da shekaru tare suke wuni, sai ga uwargida tana shan kofi ita kaɗai tana jin muryoyinsu ta cikin kara.

Ana haka azumi ya kama a watan Maris. Kun san al'adar nan, maza a waje ake buɗa baki, kowa ya fito da tirensa a shimfiɗa tabarma a layi. Kwana tara ina zama nesa da shi, amma tuwon asidar gidansa da hilumur ɗin gidana haɗuwa suke a tsakiya, ka ci nasa ya sha naka ba ku gaisa ba, abin kunya dai. Ranar na goma limaminmu ya ce bayan tarawihi ba wanda zai tafi, judiya za a yi, wato zaman sulhu na dattawa.

Na zo da shahadar bahas, takardar mallakar gidan, a leda ina ji da kaina, har na fara maganar kiran ma'aikacin awo. Wani dattijo ya ce yaro ajiye takardarka tukuna, in aka je ofis a wannan yanayin sai ƴaƴanka sun yi gemu. Liman ya tuna mana hadisin wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, na gyara zama a zatona da Baffa yake, sai ya ɗora da na Jibrilu da bai gushe ba yana wasiyya da maƙwabci, yana faɗa yana kallona.

Da safe aka tono turakun ƙarfe na kusurwa, na gaba da na baya, aka ja igiya aka sa mita. A baya wajen lemun, mu ne muka shiga filinsa da wajen rabin mita. A gaba wajen ƙofa, shi ya shiga namu da kusan haka. Dangar ashe karkacewa ta yi, ba wanda ya saci komai, gara ce da lalacin haƙa. Layin maginin daidai yake. Na tsaya rana na dukana na rasa inda zan sa idona, daga baya na durƙusa na ce Baffa a yafe mini, ya ce tashi, Allah ya yafe mana, amma bai kalle ni ba, kuma sai bayan sallah ya koma tsokanata kamar da.

An yi katangar, na biya rabin bulon da kuɗin da na so in sa a riɗi. Lemun yana ɓangarensu, kuma ba zan yi ƙarya ba har yanzu in na ga jikokinsa suna jifansa da takalmi sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Baffa ne da kansa ya ce wa magini ya bar nafaj a daidai gindin bishiyar. Kuɗin ƙofa bai samu ba har yau, buhun riɗi ne aka farke aka rataya, jiya ma akuyarsu ta bi ta nan ta cinye mana kuɓewar da aka shanya.