Ranar da na toshe har abin da ba talla ba

Da na ɗora Pi-hole, manhajar toshe talla, a kan 'yar kwamfutar Raspberry Pi, na mayar da ita DNS ɗin gidan gaba ɗaya, wato mai ba kowace na'ura adireshin shafin da ta nema, sai haɗama ta kama ni. Jerin StevenBlack na sunayen shafukan da za a toshe, wanda ta zo da shi, bai ishe ni ba. Duk jerin da na ci karo da shi a intanet sai in kwafo in zuba, in buga umarnin pihole -g don ta sabunta jerin, ina kallon adadin sunayen da aka toshe yana hawa har ya haura miliyan.

Ba a yi kwana biyu ba ƙanwata ta leƙo da waya a hannu. "Yaya, me ka taɓa ne? Manhajar bankina sai juyi take, ta ƙi buɗewa."

Na ce mata sabis ne. Ashe ni ne.

Pi-hole ba ta san talla ba, suna kawai ta sani. Waya za ta nemi adireshin wani suna, in yana cikin jeri sai a ba ta 0.0.0.0, wato babu kowa a nan. Na buɗe rajistar tambayoyi, na ware na wayarta kaɗai, na ce ta sake gwadawa. Nan take jan layi ya fito: wani suna da manhajar ke tuntuɓa kafin ta buɗe. Na sa shi a jerin izini, amma shiru, don wayar ta riƙe tsohuwar amsa. Sai da ta kashe Wi-Fi ta kunna sannan ta shiga.

Abin da ya fi ba ni kunya dokar regex ce, wato tsarin haruffan da ake kama sunaye da shi, da na rubuta da hannuna: ads, haka tsirara. Ta kama duk sunan da haruffan nan uku suka jeru a cikinsa, har da downloads. Na mayar da ita (^|\.)ads\. don ta kama ads in ya tsaya shi kaɗai a cikin suna, sai lamarin ya daidaita.

Daga nan na goge yawancin jerin, na bar uku da na ga masu su na sabunta su. Talabijin, da ba ta gajiya da aika rahoto ga kamfanin da ya ƙera ta, na ware mata rukuni mai tsauri ita kaɗai.

Tallan YouTube kuwa yana nan daram, don ta ƙofa ɗaya suke shigowa da bidiyon. Ƙanwata kan ƙara murya duk sa'ad da ya fito, don in ji.