Zoɓon da na so kaiwa Meziko da takardar turare

Wai "Alhaji, ai turare turare ne, takarda kuma takarda ce." Da wannan maganar ejan ɗina ya kwantar mini da hankali kan turaren kashe ƙwari da ake yi wa kaya kafin a fitar da su waje, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, da fom ɗin NXP na banki da mai fitar da kaya ke cikewa ba su ba ni wahala ba. Zoɓon ma na gani na faɗa ne, daga wajen Maigatari aka tattaro shi, mata suka tsince shi tas a Kano, ja wur, babu ƙasa babu kara. A sito aka sa masa ƙwayar maganin ƙwarin nan da muke kira bom, aka lulluɓe da tamfol, aka rubuto takarda da hatimi. Kwantena ta kama hanyar Legas.

Sai da na tura wa mai saye hoton takardar ta WhatsApp ya ce in dakata. SENASICA, hukumar Meziko mai kula da lafiyar kayan gona, ba ta karɓar wannan turaren. Turaren iskar methyl bromide take so, a wurin turare da aka amince da shi, sannan takardar lafiyar tsirrai ta NAQS, hukumar Najeriya mai tantance kayan gona, ta nuna hakan ƙarara. Dalilinsu ƙwaron kafra ne, mai ɓarnar kayan ajiya, wanda saboda shi Meziko ta taɓa rufe wa zoɓon Najeriya ƙofa. Tsutsarsa takan lafe a ɗinkin buhu ko tsagar katako, ta daɗe ba ci ba motsi, shi ya sa maganin da ke kashe ƙwarin wake ba lallai ya taɓa ta ba.

To wa zai yi musu da su? Aka sauke kaya, aka bi layin turare, kuɗin kwanan kwantena na hawa kullum. Abin da ya fi ci mini rai shi ne laimar Legas. Na zura hannu cikin wani buhu na ji zoɓon da ke ƙaras-ƙaras a Kano ya yi laushi, gefensa ya fara baƙi. Mai saye ya rage farashi, ribar ta tafi a nan.

Ejan kuwa cewa ya yi ai Turai ya saba kaiwa. Turai ce na ce masa zan kai?

Yanzu kafin in auna ko buhu ɗaya, sai mai saye ya turo mini sharuɗɗan ƙasarsa a rubuce, har da sunan maganin, in je ofishin NAQS da ƙafata in tambayi wuraren da aka amince su yi turaren. Tsohon buhu kuma ko kyauta ba na karɓa.