Tsuntsu Mai Jan Baki a Gaɓar Teku

Yau da sassafe, bayan ruwan teku ya janye ya bar laka a fili, na shafe kusan sa'o'i biyu ina amfani da madubin hangen nesa ina bin wani tsuntsu mai launin baƙi da fari. Da farko na yi ta kokwanto, domin akwai wasu biyu masu irin wannan launi da ke kiwo a cikin laka: ɗaya bakinsa siriri ne mai lanƙwasa sama, ɗayan kuma ƙafafunsa zara-zara kamar kara. Wannan kuwa kakkaura ne, kai da baya baƙi ƙirin, ciki fari fat, ido ja, ƙafafu ruwan hoda, ga dogon baki miƙaƙƙe jajawur. Da ya tashi sai na ga farin layi a fukafukansa, ya kuma saki ƙara mai kaifi. Nan na tabbatar shi ne Haematopus ostralegus, sunan kimiyya da Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, ya raɗa masa a 1758, kuma tsawonsa bai wuce santimita 40 zuwa 45 ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda yake cin abinci. Ya ciro katantanwar teku mai ɓawo biyu, ya ajiye ta a kan yashi mai tauri, ya yi ta sara har ɓawon ya fashe, sannan ya zaro naman. Wani a kusa da shi bai wahalar da kansa haka ba: ya jira ɓawon ya ɗan buɗe, ya cusa baki ya yanke tsokar da ke rufe shi. Wannan bambanci yana bayyana a bakin kansa, domin na mai sara yakan dakushe, na mai cusawa ya yi faɗi kamar wuƙa, na mai tonon tsutsa kuma ya yi tsini. Bakin yana ci gaba da girma, saboda haka idan tsuntsu ya sauya abinci, siffar bakin ma takan sauya.

Ban ga sheƙa ba, kuma ban yi mamaki ba, tun da ɗan rami ne kawai a cikin tsakuwa, mai ƙwai 2 zuwa 4 masu ɗigo-ɗigo. Can wajen hantsi ruwa ya fara dawowa, sai tsuntsayen suka taru a kan wani tudun yashi, yawancinsu a tsaye kan ƙafa ɗaya, baki cushe a cikin gashin baya.