Yadda na sake koyon tafiya a kan ƙanƙarar Montreal

A Tawa aka haife ni, kuma har na kammala karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ƙanƙara iri biyu kaɗai na sani: wadda ake sayarwa a leda lokacin azumi, da wadda takan faɗo tare da ruwan sama a wasu damunan. Yanzu da na dawo Yamai, duk yaron da ya zo min sallama zai tafi karatu Kanada, tambayarsa ba ta wuce rigar sanyi, ni kuwa sai in nuna masa wuyan hannuna na dama.

Abin ya faru ne a watan Janairu na farko da na yi a Montreal. Da dare an yi irin ruwan da mutanen Kebek, lardin Kanada da Montreal take ciki, ke kira verglas, wato ruwan da ke saukowa daga iska mai ɗan ɗumi a sama, ya ratsa iskar ƙasa da sanyinta ya gangara ƙasa da mataki 0 a ma'aunin Celsius, ya daskare nan take a kan duk abin da ya taɓa. Irinsa ne a Janairun 1998 ya karya turakun lantarki, ya bar miliyoyin mutane cikin duhu. Na ranar da nake magana bai kai ko kusa da haka ba, sai dai da asuba dusar ƙanƙara ta ɗan zuba ta rufe shi, hanya ta yi fari fat kamar babu komai a ƙarƙashinta. Na fito ina gangarawa a unguwar Côte-des-Neiges ina sauri kada bas ta bar ni, hannuwana cikin aljihu, ƙafata da takalmin fata mai sumul ɗin ƙasa da na saya a babbar kasuwar Yamai. Ban san lokacin da ƙafafuna suka bar ƙasa ba. Hannun da na zaro don in tokare shi ne ya ɗauki nauyina duka, hoton ƙashi ya nuna karaya, na yi mako 6 da ɗauri.

Da na kira gida, Inna ta yi salati ta ce, "Ɗan nan, ƙanƙarar da muke jefawa a randa ce ta karya ka?" Na ce, "Ita ce, Inna, amma a nan a kanta ake tafiya."

Wani ɗan Adar da ya shekara fiye da 20 a birnin ya zo duba ni, kuma shi ya gano min ainihin ciwon. Ya ce, "Ƙanena, tafiyar rairayi kake yi." Wanda ya tashi a kan yashi ya saba ya miƙa ƙafa nesa, ya dira dunduniya, sannan ya tura da yatsu da ƙarfi, domin yashi yana riƙe ƙafa. Ƙanƙara kuwa ba ta riƙe komai, saboda haka duk ƙafar da ta dira nesa da gangar jiki gaba za ta zarce, mai ita ya faɗi da baya. Ya fitar da ni bakin gida ya ce in gajarta taku, in ɗan buɗe ƙafafu, in sassauta gwiwa, in ɗan ranƙwafa gaba yadda nauyina zai zauna daidai kan ƙafar da ke ƙasa, in kuma aza tafin ƙafa gaba ɗaya. Na ce, "Yaya, ai wannan tafiyar agwagwa ce." Ya ce in dubi titi in ga ko akwai mai yi wa wani dariya. Hannuwa kuwa ya ce a waje suke zama cikin safar hannu mai kauri, kaya a goya su a baya, waya ta zauna a aljihu.

Batun takalmi bai da tsawo. Na sayi mai ƙasan roba da zane mai zurfi, na ƙara da wata roba mai ƙananan ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙarƙashinsa. Tana kama ƙanƙara sosai, amma dole a cire ta kafin a shiga kanti ko tashar metro, wato jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, domin a kan daɓe mai sheƙi ita kanta santsi take yi.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci shi ne karatun ƙasa. Dusar da ke ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa ba ta cika kayar da mutum ba. Wurin da ya yi duhu yana sheƙi kamar an zuba ruwa shi ne abin tsoro, musamman washegarin ranar da aka ɗan yi ɗumi, dusar ta narke da rana ta sake daskarewa da dare. Ganin gishirin da ake watsawa a hanya ma ba tabbaci ba ne, domin idan sanyi ya wuce mataki 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa yakan ragu ƙwarai, shi ya sa ake haɗawa da tsakuwa. Matakalar ƙarfe da ke wajen gidaje da yawa na birnin, da gefen titi inda ake sauka daga bas, da inuwar dogayen gine-gine, nan na fi ganin mutane suna faɗuwa. A Disamba kuma rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 4 na yamma, mai dawowa daga makaranta cikin duhu yake laluben hanya. Na koma fita minti 15 kafin lokacina na da.

Na sake faɗuwa sau ɗaya a sanyin shekara ta uku, amma a lokacin na tuna na dunƙule haɓata zuwa ƙirji, na lanƙwasa gwiwar hannu, na sauka a gefen cinya, na tashi da ƙurjewa kawai. Robar ƙusoshin nan na ba ɗan yayata da ya tafi bara, kuma har yau idan na shiga wurin alwala na masallacin unguwarmu na tarar daɓen ya jiƙe, sai in ga ƙafafuna sun gajarta taku da kansu.