Yadda na auna lambar Planck da fitilun LED a Maradi

Lambar Planck, wadda ake rubutawa h, ita ce ke ɗaure launin haske da makamashin da kowane foton, wato ƙwayar haske, yake ɗauke da shi: E = hc/λ, inda E shi ne makamashin, c gudun haske, λ kuma tsawon zangon hasken, wanda shi ke ba shi launi. Max Planck ya fito da ita a 1900, kuma tun 20 ga Mayu 2019 aka tsayar da ita a kan 6,62607015 × 10⁻³⁴ J·s, har kilo ma da ita ake fassara shi yanzu. Na auna ta tare da ɗalibaina na ajin ƙarshe a lise, da kayan da duk ana samu wurin masu gyaran rediyo.

Ga abin da na haɗa: batir mai volt 9, potansiyometir na 10 kΩ irin na ƙara muryar rediyo, rezistans ta 1 kΩ don kada fitila ta ƙone, miltimetir biyu, sai LED masu garai-garai, ja da rawaya da kore da shuɗi. Farar LED ba ta shiga wannan aiki, domin shuɗiya ce aka shafa wa wani sinadari mai rawaya, haskenta gauraye ne. Kore kuma iri biyu ce a kasuwa: tsawon zangon tsohuwar yana wajen nanomita 565, sabuwar mai ƙyalli wajen 525, mai sayarwa kuwa duk kore yake ce musu.

Shi ya sa ban yarda da launi da ido ba, sai na auna tsawon zangon da kaina. Na yanki faifan CD-R, na ɗaye fatar bayansa da salatif, na ajiye LED a nisan mita ɗaya da ma'auni kwance a gefenta. In ka leƙa ta cikin faifan za ka ga inuwar hasken ta goce gefe: ja mai 630 tana faɗawa wajen santimita 43, shuɗi mai 470 wajen 31. Daga nan ka fitar da kusurwa θ, ka yi λ = d·sinθ, inda d ita ce tazarar da ke tsakanin layukan faifan. Tarkon yana cikin d. Littattafai suna cewa mikromita 1,6, amma faifai masu ɗaukar minti 80 layukansu sun fi matsewa, suna kusa da 1,5, wannan bambancin na kashi 6 cikin ɗari kuma kai tsaye yake zarcewa cikin h. Na gwada faifan tukuna da koriyar lezar nuni, wadda zangonta 532 ne.

Yawancin masu koyar da gwajin nan cewa suke a murɗa har fitila ta fara haske, a rubuta volt ɗin, a ce eV = hc/λ, inda e shi ne cajin elektron ɗaya, V kuma volt ɗin. Ni ban ga amfanin wannan ba. LED ba ta da wata ƙofa da take buɗewa farat ɗaya. Wutar da ke ratsa ta tana ninkuwa goma duk bayan milivolt 60 zuwa 120. A ɗaki mai duhu za ka ga ja ta soma ƙyalli wajen volt 1,5, alhali fotonta yana ɗauke da makamashin da ya yi daidai da volt 1,97. Lissafin sai ya ba ka 5 × 10⁻³⁴, wato ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ka buɗe taga, amsar ta sauya. Idonka kake aunawa ke nan.

Abin da ya yi aiki shi ne tsayar da wuta ɗaya ga dukan fitilun, mikro'ampe 10, a karanta volt ɗin kowace, a zana V a kan 1/λ. Gangarar layin ita ce hc/e, wajen 1240 V·nm, sai h = e × gangara ÷ c. Gibin da ke tsakanin volt ɗin da aka karanta da wanda lissafi ya bayar kusan ɗaya ne a kowace fitila, don haka yana sauke layin ƙasa ba tare da ya karkatar da shi sosai ba.

Tsakanin ja da shuɗi volt 0,67 kawai ake sa rai, saboda haka kuskuren milivolt 50 ya ci kashi 7 cikin ɗari. A nan zafin Maradi yake shigowa. Volt ɗin LED yana sauka da kamar milivolt 2 a kowane digiri. Wanda ya auna ja da asuba, ya bar shuɗi sai azahar a watan Afrilu, ya yi asarar milivolt 30 ko fiye tun bai taɓa alƙalami ba. A yi su duka zama ɗaya, kuma kada a riƙe fitilar da yatsu. Rana ma tana shiga: LED da haske ya doka tana haifar da 'yar wutarta, don haka na kifa gwangwani a kanta.

Miltimetir mai araha irin DT830 yana da cikas na 1 MΩ kacal, a volt 2 yana shanye mikro'ampe 2 daga cikin goman. Na jera ma'aunin wuta da LED, na ɗora na volt a kansu duka biyu, na cire milivolt 10 ɗin da na farkon yake ci a matakin 200 µA. Sai na ƙara LED ɗin rimot na talabijin, mai 940, wadda ido ba ya gani. Ta ninka tazarar zuwa volt 1,32, amsarmu ta shigo cikin kashi 10 na ainihin lambar.

Wani ɗalibi ya ce, "Malam, ke nan mun tabbatar akwai foton?" Na ce a'a. Mun nuna cewa makamashin da elektron ɗaya yake saki yana tafiya da 1/λ, da lamba guda ga kowane launi. Hujjar cewa haske yana zuwa ɗaya-ɗaya wani gwaji ne dabam: a 1986 Grangier da Roger da Aspect suka tura foton guda-guda kan madubi mai raba haske biyu a Faransa, suka ga na'urorin gefe biyu kusan ba sa kamawa lokaci ɗaya.