Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sa Hannu Ɗari

A makon jiya na tsaya a daren da uwargida ta amince in tsaya takarar kujerar ƙaramin alƙalin yankinmu. To, amincewarta ba ta ƙare magana ba, akwai sauran mutum ɗaya da sai na ji ta bakinsa: dattijon da ke ja mana salla a ɗan masallacinmu, mutumin Damagaram, wanda shi ya ɗaura mana aure a nan Amurka.

Bayan sallar isha na durƙusa gabansa na faɗa masa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗago.

"Ɗana, alƙali ne ke yawon roƙon kujera? Ka manta abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Abdurrahman ɗan Samura, cewa kada ya nemi shugabanci? Ka manta alƙalai uku ne, biyu a wuta, ɗaya a aljanna?"

Ban manta ba. Da wannan aka raine mu. A gida Kano, hukumar kula da harkokin shari'a ta jiha ce ke naɗa alƙali, babu mai ganinsa yana manna fasta a bango. Amma a jihar Fensilbeniya, inda Allah ya ajiye ni, ƙuri'a ce ke ɗora ƙaramin alƙalin yanki, wa'adinsa shekara 6. Ba dole sai lauya ba. Wanda ba lauya ba sai ya yi kwas ya ci jarrabawa kafin ya hau. Gabansa ake kawo rikicin mai gida da ɗan haya, laifin tuƙi, ƙarar kuɗin da bai wuce dala 12,000 ba, kuma shi ke fara sauraren wanda aka kama ya yanke maganar beli.

Na ce, "Allah gafarta Malam, shekara da shekaru ina tafinta a irin waɗannan kotuna. Na ga an kori mace da 'ya'yanta daga gida cikin minti goma, don ba ta gane abin da aka tambaye ta ba. Kujerar nan sai an zauna a kanta, ko na nema ko ban nema ba."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in yi istihara kwana uku. Na yi.

Ranar 14 ga Fabrairu 2023 aka buɗe tattara sa hannu, a rufe 7 ga Maris. Mako uku kacal. Ana buƙatar mutum 100 masu rajista a cikin yankin. Dokar jihar ta yarda mai neman wannan kujera ya shiga zaɓen fidda gwani na Dimokurat da na Rifablikan lokaci guda, sai dai kowace jam'iyya da nata ɗarin, kuma 'ya'yanta kaɗai za su sa hannu. Na ɗauki takardun biyu, don a ganina alƙalanci ba kayan jam'iyya ba ne.

Wanda bai yi yawon gida-gida cikin hunturun ƙasar nan ba, ba zai gane ba. Biro na daskarewa ya ƙi rubutu, sai na riƙa ɓoye shi a cikin safar hannu. Mutum ya buɗe ƙofa kaɗan, ɗumin ɗaki ya bugi fuskata, kare na haushi a bayansa, ni kuwa cikin ɗan wannan lokaci zan faɗi sunana, in maimaita, in bayyana abin da ya kawo ni. Wasu ma ba su san ana zaɓen alƙali ba, alhali kotun na bayan layinsu.

Gida ɗaya ne har yau yake raina. Wani tsoho ne mai gidajen haya uku. Ya shigar da ni, ya zuba mini kofi, ya karɓi biro, har ya kai shi kan takarda, sai ya tsaya. Ya ce akwai ɗan hayan da ya riƙe masa kuɗin wata huɗu. In na hau, zan fitar masa da shi?

A ranar nan, sa hannu 61 nake da su a takardar jam'iyyarsa, saura kwana biyar. Wallahi zuciyata ta so in ce masa kada ya damu. Amma ƙa'ida ta hana ɗan takarar alƙalanci yin alkawari kan shari'ar da za ta iya zuwa gabansa, kuma ko babu ƙa'ida, muryar Malam na kunnena. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan saurare ka har ka gama, shi ma in saurare shi har ya gama. Iyakar abin da ke hannuna ke nan."

Ya mayar wa biron murfinsa, ya miƙo mini. Na gode masa da kofi, na fita cikin ƙanƙara.

Mun cike adadin ana saura kwana ɗaya, da taimakon uwargida da wasu ma'aikatan jinya biyu maƙwabtanmu: 134 a ɗaya takardar, 109 a ɗayar. Tazarar tara ce ta hana ni barci, domin abokin takara na da kwana bakwai ya ƙalubalanci sa hannun a kotu, kuma kuskuren adireshi ko kwanan wata na iya soke suna. A rana ta shida, ina alwalar magariba, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Uwargida ta dawo riƙe da ambulan.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.