Ashe coca kala-kala ce

Wallahi ranar da na sauka Kusko a ƙasar Peru na sha kunya. Kaina na ta sarawa saboda tudun garin, mita wajen 3,400 fa, sai mai masaukin ta ce in sha coca, gabana ya faɗi na zaci hodar iblis take nufi 😂 ashe shayin ganye ne, mate de coca, ganyen da mutanen can ke taunawa kamar yadda muke cin goro. Asalin kalmar kuka ce a yaren Kecuwa na mutanen can, ba ta miya ba dai. A Meziko ka ce coca lemon Coca-Cola za a miƙo maka, a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen kuma wata gurasa ce. Kofi biyu na shanye, kan ya ɗan lafa.